Rana Daidai Faɗin Tebur

Shekararsa sittin da uku, jikokinsa huɗu, amma har yau Auta ake ce masa, don yayansa ya hana sunan mutuwa. Su biyu iyayensu suka bari a gida ɗaya, Yaya a bene, Auta a ƙasa. A bayan gidan akwai ɗan fili tsakanin katangu, inda rana ke faɗowa daga sha ɗaya na safe zuwa biyu da rabi, sannan benen maƙwabta ya haɗiye ta.

Yaya ya yi shekara talatin yana sanarwa a tashar jirgin ƙasa. Aikinsa ya gaya wa mutane abin da zai faru tun bai faru ba, kuma ko jirgin ya zo ko bai zo ba, babu mai mayar wa lasifika magana. Da halinsa aka haife shi, tashar ta tarar da shi ne kawai a shirye. Tun suna yara Auta bai taɓa kai magana ƙarshe a gabansa ba. Zai ɗauko ta, ya kai ta tsakiya, ya tsaya ya haɗiye yawu, kafin ya sake buɗe baki Yaya ya ƙarasa masa. Da ƙauna yake yi kuwa, irin ƙaunar nan da ke ɗaukar mutum cak ta dire shi inda bai ce zai je ba.

Yana ɗan shekara goma sha tara Auta ya ce, "Yaya, ni fa ina so in koyi zanen..."

"Gini. Na sani. Gobe zan kai ka wurin wani."

Zanen tsuntsaye yake nufi. Washegari ya tsinci kansa a ofishin masu zanen gine-gine, kuma ko fensir ba su miƙa masa ba. Ɗakin baya aka tura shi, inda ake kwafe zane. A lokacin ofishin ba shi da injin kwafi, rana ce injinsu. Kwalabe biyu aka nuna masa, ɗaya da gari kore-kore, ɗaya da ƙwayoyi jajaye kamar sukari ya ji kunya. A jiƙa kowanne daban, a haɗa, a shafa wa takarda da burushi a inuwa, a bar ta ta bushe. Sai a ɗora zanen a kai, a danne da gilashi, a fitar rana. Duk inda rana ta taɓa, in aka wanke da ruwa sai ya koma shuɗi mai zurfi. Duk inda wani abu ya tare ta, fari ne tas. Littafin ofishin yana kiran abin da wani dogon suna, sayanotaif, shi kuwa hoton rana kawai yake ce masa. Ya yi shekara da shekaru yana kwafe gidajen da ba zai taɓa shiga ba, har gefen farcensa ya rine ya daina fita.

Aurensa ma haka ya zo. Ya ce, "Yaya, yarinyar nan ta gidan da ke kusurwa, jiya ta..."

"Ta shiga ranka. Ba abin kunya ba ne, Auta."

Ruwan wanki ta watsa masa a takalmi, ƙara ya kawo. Aka yi magana da iyayenta, ita kuwa ta amsa tun ba a gama tambaya ba. Sai da suka shekara shida ta gaya masa da gangan ta watsa ruwan, kuma sau uku tana watsawa tana kuskure kafin ta same shi. Aure ya yi kyau, wannan ne ma abin da ya fi ba shi haushi. Mutum yana so ya riƙe kukansa, rayuwa kuma tana ta ba shi abin da ba za a yi kuka a kansa ba.

Duk da haka ya riƙe. Auta yana kallon kansa a matsayin mutumin da aka sace wa rabin kowace magana, kuma yana da tabbacin sauran rabin suna nan a ƙirjinsa, jere kamar kaya a kanti. Wannan tunani ya raka shi shekara arba'in da huɗu, yana ɗumama shi fiye da bargo.

Da ofishin ya sayi inji sai aka mayar da shi mai danna maɓalli, da ya yi ritaya kuma aka ce ya kwashe tarkacen ɗakin baya in yana so. Ya taho gida da tsohon teburin, da gilashin, da kwalaben nan biyu. Ya fara ɗora duk abin da hannunsa ya kai a kan takarda: makullai, mataji, ƙayar kifi, tabarau, ganyen da iska ta kawo. Daga sha ɗaya zuwa biyu da rabi ba a samun komai a gidan a inda aka ajiye shi.

"Malam, ina almakashina?" in ji matarsa.

"Yana rana. Saura minti biyar."

"To cokulan fa?"

"Suna layi."

Mai askin bakin layi ne ya fara ganin hoton almakashin, fari ƙal a cikin shuɗi kamar tsuntsun da aka buɗe wa baki. Ya ce shi ma a yi masa nasa, na fuskarsa. Auta ya ce ba shi da na'ura, sai dai mutum ya kwantar da kansa a gefe a kan takardar, a shimfiɗa 'yar leda tsakani, rana ta zana gefen fuskarsa. Minti goma sha biyu, ba motsi, ba magana. In haɓa ta motsa, hoto zai fito ba haɓa.

Mai aski ya duƙa ya manna kumatu a tebur kamar mai sauraron abin da katako ke faɗa. Auta ya zauna a gefe da agogo a hannu. A minti na huɗu ya lura da wani abu da bai taɓa gani ba tun da aka haife shi: kunne ɗaya, a buɗe, yana kallon sama kamar mazurari, bakin da ke ƙarƙashinsa kuma a kulle. Ya waiga, ba kowa. Ya gyara murya.

"Askin nan da kake yi mini shekara goma sha tara," ya tsaya, ya haɗiye yawu, babu wanda ya ƙarasa masa, "bai taɓa yi mini kyau ba ko sau ɗaya."

Idon mai aski ya juyo kamar na kifi a faranti. Haɓarsa ba ta motsa ba.

Da lokaci ya cika ya miƙe da niyyar zagi, amma kafin ya gama jera zagin Auta ya tsoma takardar a baho. Ruwa ya ɗauke rawayar maganin, shuɗi ya taso, ga hancin mai aski, ga maƙogwaronsa, ga gashin girarsa ɗaya-ɗaya. Mutumin ya manta da zagin. Ya rataye hoton a shagonsa saman madubi, ya kuma canza wa Auta aski.

Daga nan aka fara zuwa. Mai gyaran agogo ya tafi da hotonsa da labarin cewa agogon da ya gyara har yanzu gudu yake. Wata nas da ke haya a gidan gaba ta ji cewa rediyonta na shiga ɗakin mutane. Kowa yana tashi da kunne ɗaya ja, da hoto ɗaya shuɗi. Auta yana ce wa matarsa fasaha ce, kuma duniya ta manta da ita. Abin da bai gaya mata ba shi ne, ranar filin nan minti takwas ya ishe ta. Sauran huɗun nasa ne.

Wata Asabar ya hau bene da takarda a hannu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana so ya nuna wa Yaya yadda ranar wannan wata ke ba da shuɗin da bai taɓa samu ba.

"Yaya, ranar nan da ke faɗowa filin baya..."

"Tana dafa ka. Ina ganinka daga taga, kamar kaza a tanda. Kwano za a sa, a rufe filin gaba ɗaya. Ka bar mini wannan."

Kafin la'asar kafinta ya zo ya auna. Ranar Lahadi kwanon rufi goma sha biyu suna jingine da katanga suna ƙyalli. Aiki ranar Alhamis. In aka rufe filin nan, babu sauran inda rana ke taka ƙasa a gidan, teburin kuma zai koma teburin ajiye kwanuka.

"Ka hau ka gaya masa mana," in ji matarsa.

Ya hau. "Yaya, kwanon nan..."

"Ya yi siriri, ko? Ni ma na gani. Za a kawo mai kauri."

Ya sake hawa. "Yaya, maganar ranar Alhamis..."

"Ta yi nisa. Gaskiyarka. Laraba za a yi."

Ya rubuta wasiƙa, shafi ɗaya da rabi, ya miƙa masa hannu da hannu. Yaya ya karanta layin farko da ƙarfi, ya ninke takardar, ya ƙarasa sauran da ka, idonsa har ya kawo ruwa. "Tsakanina da kai babu godiya, Auta."

Ya roƙi matarsa ta je ta faɗa. Ta ce, "In na faɗa zai ce igiyar shanyata nake karewa. Kuma ni na gaji da zama bakinka, Malam. Kai da ka gaya wa nas magana har ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni ba?"

"Ita ai tana kan tebur."

"To ka ɗora shi."

Mai aski ne ya yi aikin ba tare da ya sani ba. Ranar Litinin Yaya ya je gyaran fuska, ya ga hoton saman madubi, mai aski ya ce, "Yallaɓai, wannan ba na kowa ba ne. Sai mai iya kame bakinsa minti goma sha biyu. Kai ka haƙura kawai." Yaya ya dawo gida rabin gemu a gyare.

Talata, sha ɗaya daidai, ya sauko da rigarsa ta zuwa taro. Takarda biyu kacal Auta ke da su busassu. Ya shimfiɗa ta farko, Yaya ya kwantar da kai.

"Yaya, sharaɗin shi ne..."

"In yi murmushi. Na sani."

"A'a, kada ka..."

"Rufe ido. Ba zan rufe ba. Ka san lokacin da nake tasha akwai wani mai hoto da ya ce fuskata..."

Minti goma sha biyu yana zuba, bai ja numfashi ba. Da aka wanke takardar, goshi ya fito, hanci ya fito, daga leɓe zuwa ƙasa kuwa sai wani hazo fari-fari, kamar mutum yana aman hayaƙi. Matar Auta ta leƙo daga ƙofar kicin, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Amarya, me ya ba ki dariya?" Shekara talatin da takwas da auren, Amarya yake ce mata.

"Ba komai, Yaya. Kamannin ne suka yi yawa."

Yaya ya daɗe yana kallon hoton. "Idan ɗan askin nan ya ga wannan, na shiga uku. A sake."

"Takarda ɗaya ta..."

"Rage. To me za a yi?"

Matar ta koma ciki ta fito da kofin ruwa. "Ka cika bakinka, Yaya. Kada ka haɗiye, kada ka zubar. Ba don kai ba, don hoton."

Haka aka yi. Tsohon mai sanarwar tasha ya kwantar da kansa a tebur, kumatu cike da ruwa, kunnensa na dama yana kallon sama. Matar ta shige ta jawo ƙofa. Auta ya duba agogo, ya bar minti ɗaya ya wuce don ya tabbatar.

"Yaya," ya ce, "rufin nan..."

Ya tsaya. Ya haɗiye yawu.

Famfo yana ɗiga a baho. Wani kwano da ke jingine ya yi ƙara saboda zafi. Jijiyar wuyan Yaya ta tashi, maƙogwaronsa ya yi sama ya dawo, amma ruwan ya riƙe shi. Minti biyu. Minti uku. Auta yana zaune baki a buɗe, sai a hankali ya gane abin da yake yi. Jira yake. Ya ajiye rabin maganar a gaban Yaya kamar yadda ake ajiye wa kyanwa abinci, ya ja da baya yana jiran a ɗauka.

Ya leƙa ƙirjinsa, inda yake da tabbacin sauran rabin maganganunsa ke jere, ya tarar da kanti fayau. Tsuntsaye? Shekara arba'in da huɗu yana zaune a tsakiyar takardu da fensira, bai taɓa zana ko ƙafar tsuntsu ba. Wa ya hana shi? Wannan tsayawar da yake yi a tsakiyar magana, wannan haɗiyar yawun, Yaya bai koya masa ita ba. Shi ya ƙirƙiro abarsa, ya yi mata tsawo daidai yadda wani zai samu wurin shiga. Gaya wa mai aski askinsa ba kyau abu ne mai sauƙi, don ba ya canza komai sai aski. A nan kuwa duk abin da ya faɗa za a yi, kuma in ya ɓaci babu wanda zai ɗaga kai ya kalla a bene.

Minti bakwai. Gumi ya taru a kunnen Yaya. Auta ya ga wuyan ya yi laushi, fatar ta saki, ga tabon da Yaya ya samu ranar da ya faɗo daga katanga wajen ciro masa ƙwallo. Ya kalli kwano goma sha biyu, masu kauri, waɗanda tsohon ya sa aka canza don kada ƙaninsa ya ji zafi. Kalmomi uku ne kawai: ba na so. Sun zo har bayan haƙoransa, ya ji girmansu, ya ji kamar zai fito da kujera ta baki.

Minti goma. Sha ɗaya.

"Rufin nan," ya ce, "a bar mini rana daidai faɗin teburin nan."

Ya kai aya. Ya ji ta ta sauka, ƙarama, tasa.

Lokaci ya cika. Yaya ya ɗago, ya juya ya fesar da ruwan a gindin katanga, ya yi tari, ya share baki. Ya kalli Auta kamar yau aka kawo shi gidan.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Wallahi tun minti na biyu na ɗauka cewa za ka yi a fasa rufin gaba ɗaya. Har na amince a raina. Ruwan nan ne ya hana ni faɗa maka. In fasa?"

Wannan ce tambaya ta farko da Yaya ya taɓa yi masa ya kuma tsaya jiran amsa. Filin gaba ɗaya yana kan tayi, daga katanga zuwa katanga, sa'a uku da rabi na rana kullum. Bayan ƙofar kicin matarsa ta yi gyaran murya mai ƙarfi, sau biyu. Amma Auta ya riga ya haifi magana guda cikakkiya, da kanta da ƙafafunta, kuma ba zai yarda a ce ɗan farinsa bai yi ba.

"A'a. Abin da na faɗa shi na faɗa."

Hoton ya fito da haɓa mai kaifi kamar an yanka da reza. Yaya ya kai shi shagon aski da kansa tun bai gama bushewa ba.

Laraba kafinta ya rufe filin, ya sauko ya auna teburin, ya hau ya yanke kwano daidai da awon, yana girgiza kai. "Baba, ni dai tun da nake aiki ba a taɓa sa ni in yi rufi in kuma yi masa yoyo da hannuna ba." Yana cikin yankan Auta ya tuna abin da ya sani tun yana ɗan shekara goma sha tara, cewa rana ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ya bar kafinta ya ƙarasa yankan.

Hasken yana faɗowa ne a murabba'i, kusa da famfo, ya rarrafa zuwa ƙofar kicin, a minti goma sha biyu ya matsa kusan taƙi guda. Takardar Auta kuwa faɗin tebur ce. Sai ya ciro tayoyin wata tsohuwar kujerar ofis ya ɗaura wa teburin. Yanzu duk mai son hoton rana sai ya duƙa, ya manna kumatu, ya bi tebur da 'yan ƙananan taku, baya a sama, Auta na turawa a hankali yana kallon gefen hasken. Hancin kowa yana fitowa da ɗan kauri. Babu sauran lokacin gaya wa kowa gaskiya, turin ya cinye minti huɗun. In an yi ruwan sama kuma, baho ake turawa ƙarƙashin ramin.

Jiya ƙanwar nas ce a kan tebur, tana tafe a duƙe kamar mai neman ɗan kunne. Matar Auta ta fito da kwandon wanki, ta tsaya tana kallon su biyun suna rarrafe.

"Malam, kafinta ya ce aikin minti goma ne. Ya ƙara ramin ko da taƙi biyu."

"A'a."

"To ko taƙi ɗaya. Baiwar Allah nan bayanta zai riƙe."

"Ɗaga ƙafarki," in ji Auta, "rana za ta wuce ta nan."